Baba ya naɗa rawani don akwatin Sani

Zuwa ga Yaya Idi a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da mai ɗakinka da yara. Yaya kasuwa? Mu nan Bande lafiya lau, gero ya shiga rumbu.

Yaya, albishirinka! Autanmu Sani ya gama karatun tarihi a Yamai, gwamnati ta ɗauke shi mushe, wato malami, a babbar lakwal, makarantar nan ta Damagaram, ga albashi duk wata! Ka tuna Baba yana faɗa, wai tarihi ba sana'a ba ne, tsofaffi na bayarwa kyauta? To, Sani ya zo da akwatin ɗaukar magana, don ya ɗauki tarihin gidanmu daga bakin Baba. Baba ya sa rigarsa ta Salla, ya naɗa rawani. Sani ya ce, "Baba, ai akwatin ba ya gani." Baba ya ce, "Jikokina za su ji ni, in zauna musu da tsumma?"

Ya jero zuriyarmu kaf. Da ya zo kan sunanka, sai ya tambaya yaushe za ka dawo gida.

Ka sa Sani a addu'a, ka gaida mutanen gida. Ka zo ka ji, tun mai muryar na nan.

Ƙanwarka,
Rabi