Ajiyar Musye Djimet

Talata, 25 ga Afrilu

An koma makaranta bayan hutun sallah. Zafin Njamena na bana ya wuce misali. Fankar ɗakin malamai ba ta nan, sai ƙugiyarta a silin. Na tambayi Mista Ofori, abokin aikina mutumin Ghana, ya ce an kai ta gyara. "Gyara a kasuwar Dembe, ƙanwata, inda janareta ya tafi hutawa tun bara." Muka yi dariya, amma tawa ba ta kai ciki ba.

Na yanke shawara, ƙarshen Yuni zan koma gida. Shekara biyu na ce wa 'yata Zulai, ga ta huɗu tana ƙarewa. Yarinyar da na bari tana famfarar haƙori yanzu ita ke karanta wa Inna saƙona. Gobe zan gaya wa mai makaranta ya shirya mini ajiyata.

Laraba, 26 ga Afrilu

Bari in rubuta yadda aka yi, kada gobe in ce mafarki ne.

Albashina jika ɗari da tamanin na sefa, wato dubu ɗari da tamanin. Ɗari da ashirin nake karɓa a hannu, sittin na zama wurin mai makarantar, Musye Djimet, a matsayin ajiya, tunda baƙon da ba shi da katin zama ba ya buɗe asusun banki. Katin kuwa kullum yana hanya. Fasfo ɗinmu ma suna durowarsa saboda katin. Haka ake yi wa duk malaman Turanci da aka ɗauko daga waje, ban kuma taɓa jin haushi ba. Har taƙama nake yi. Wace malama ce a Biu ke tara jika sittin a wata?

Ya tarbe ni da shayi, da kansa ya zuba mini. "Madam Kubura, 'yata, kuɗinki na nan, ko dala ba ta yi ciwon kai ba." Sai ya kurɓa, ya ce, "To wa za ki kawo mana?"

Na ce wa kuma?

"Haba, Madam. Iyayen yaran nan Turancin 'yan ƙasar Turanci suke biya. Aji ba ya zama fanko. Mai tafiya shi ke kawo magajinsa. Ranar da ya damƙa mini hannun sabo, ranar nake damƙa masa ambulan da fasfo. Ke ma ai haka kika zo."

Haka na zo. Na ajiye shayin na fito.

Juma'a, 28 ga Afrilu

Na nemo saƙon muryar da Malam Bitrus ya turo mini shekara huɗu da suka wuce. Ban goge ba, don a ganina shi ne mafarin arzikina. Shi ya koyar da ni a kwaleji, mutumin da ko alli ba ya ɗauka gida.

"Kubura, ga dama ta samu a Njamena. Albashi ninki uku na wanda ake ba ki, ɗaki kyauta, mai makaranta mutumin kirki ne." Sai tari. Dogo, har sau biyu. Sannan, "Har ajiya yake yi wa mutum."

Sau nawa na saurari saƙon nan ban taɓa jin tarin ba?

Na tuna ranar sallamarsa. An jera yara a tsakar makaranta, iyaye a ƙarƙashin rumfa, ya riƙe hannuna ya sa a na Musye Djimet, aka tafa. Yana ta hawaye kamar an yi masa mutuwa. Ni sakara na ɗauka son makarantar ne.

Litinin, 1 ga Mayu

Hutun ma'aikata. Wai.

Alhamis, 4 ga Mayu

Mun ci kisra da miyar kuɓewa da Mista Ofori a rumfar bakin ƙofa. Shekararsa bakwai a nan. Na tambaye shi kai tsaye me ya hana shi tafiya.

"Wa zan kira? Ɗan ƙanwata ya gama karatu a Kumasi, kullum sai ya dame ni, Kawu ka kawo ni, Kawu ka kawo ni. Na ce masa babu gurbi. Yanzu uwarsa ba ta amsa gaisuwata, wai ni mugu ne, na samu na rufe ƙofa."

Na ce to ai kuɗin na durowa, ko ba jima ko ba daɗe a ba shi. Ya dube ni kamar yadda yake duban ɗalibin da ya ci sifili.

"Ƙanwata, babu komai a durowar nan sai fasfo da maganin sauro. Ranar da aka nuna sabon malami, ranar iyaye ke biyan kuɗin shekara mai zuwa. Daga nan ake cika ambulan. Bitrus kashi biyu cikin uku ya samu. Yara sun ragu, ke ƙila rabi. Wanda zai biyo bayanki kuwa, ya samu addu'a."

Ya suɗe hannunsa, ya ce shi dai ya gaji. Ranar Litinin zai ce a ba shi fasfonsa da haƙƙinsa, in ba haka ba ya kai ƙara. Na ce ya bi a hankali. Ya ce shekara bakwai yana bi a hankali, har gashinsa ya yi fari a hankali.

Asabar, 6 ga Mayu

Altine ta kira daga Gombe. Ƙawata tun muna kwaleji, gadonmu ɗaya, bokitinmu ɗaya. Wata biyar ba a biya su ba a makarantar da take, ga tagwaye, ga mai gidan ya rasu bara.

"Hajiyar sefa! Ke dai kin haye, kin bar mu muna lasar alli. Don Allah ki nemo mini ko shara ce a wurinku."

Laifina ne. Duk lokacin da muka yi waya sai na yi mata burga da zancen ajiya. Na ce mata babu gurbi. Maganar Mista Ofori ce ta fito daga bakina, har yadda yake faɗinta. Ta ce, "To, Allah ya kawo." Na ji kunya, amma na ji daɗin kaina.

Litinin, 8 ga Mayu

Mista Ofori ya shiga ofis. Mun jiyo muryarsa har aji biyar. Ta Musye Djimet ba mu ji ba ko kaɗan, wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Alhamis, 11 ga Mayu

Ƙarfe goma, ana tsakiyar darasi, wasu mutum biyu masu kaki suka shigo. Wai binciken takardun baƙi. Ba su tambayi hanya ba, kai tsaye ajin Mista Ofori suka nufa. Ni ina aji na kusa, allina a hannu, ina jiran su leƙo. Ba su ko kalli ƙofata ba.

Ya fito tsakaninsu da ƙurar alli a wando. Da ya zo daidai tagata ya ce, "Ƙanwata, kofina yana kan tebur, kada a kai shi gyara." Har a lokacin raha yake.

Na ƙarasa darasin. Ban san me na koyar ba.

Juma'a, 12 ga Mayu

A taron safe Musye Djimet ya ce Mista Ofori ya tafi ganin gida. Yara suka tafa.

Talata, 16 ga Mayu

Baƙuwar lamba. Mista Ofori ne, daga Kusiri, garin da ke ƙetaren iyaka, da wayar wani mai shago. Sun tsallakar da shi gada suka sauke shi da leda ɗaya. Babu fasfo, babu ko dala daga ajiyar shekara bakwai. Yana neman motar kaya da za ta rage masa hanya. Na ce in turo masa wani abu, ya ce in riƙe, zan buƙata.

"Aƙalla yaron nan yana Kumasi yana zagina lafiya lau," in ji shi. Ya yi dariya, kuɗin wayar ya ƙare.

Ni ban san ko burge ni ya yi ba ko tsorata ni.

Litinin, 22 ga Mayu

An haɗa mini ajinsa da nawa, yara saba'in da ɗaya. Musye Djimet ya shigo ya tsaya a baya har aka tashi. Ya yaba mini ƙwarai. Muna fita ya rage murya: "Bana an tsananta a kan baƙi, 'yata. Ina iya ƙoƙarina a kanki, amma ni ma mutum ne." Ya tambayi lafiyar Zulai. Da sunanta. Ban tuna na taɓa gaya masa sunanta ba.

Ya ce an sa bikin sallama ranar ashirin da huɗu ga Yuni. Rumfa ma an riga an kama.

Lahadi, 28 ga Mayu

Ruwan farko ya sauka a Biu, ya yaye kwanon ɗakin Inna. Suna kwana a zaure. Inna ba ta roƙe ni komai ba, ta dai ce, "Mun gode Allah, kin kusa zuwa da abin hannunki."

Zulai ta karɓi wayar. "Umma, wannan karon da gaske ne, ko irin na bara?"

Na ce da gaske ne.

Laraba, 31 ga Mayu

An biya albashi, ɗari da ashirin. Na sa hannu a kan ɗari da tamanin, kamar kullum.

Asabar, 3 ga Yuni

Ina ta tunani. Jika ɗari da ashirin a hannu ai ba ƙarya ba ne. Ya fi babu, kuma babu ita ce Altine ke karɓa yanzu. Ɗakin ma gaskiya ne, ko da yake yana yoyo. Tagwaye za su ci su ƙoshi. Kuma Altine ta fi ni wayo, ƙila ita ta san yadda za ta yi da shi. Ƙila yara su ƙaru baɗi.

Ba na cewa zan yi. Tunani kawai.

Na wanke kofin Mista Ofori na kife shi a bayan akwati. Ya dame ni a kan tebur.

Litinin, 5 ga Yuni

Ba wani abu yau. Zafi, sai hadari da ya taso ya watse. Na gyara jarrabawar aji huɗu. Na sayi jakar Ghana-mas-go babba a kasuwa, da takalmi ja na Zulai, na ƙiyasta ƙafarta da ka.

Na tura wa Altine saƙon murya. Sau uku ina ɗauka ina gogewa, na huɗu ya fita sarai. Albashi, ɗaki, mai makaranta mutumin kirki, har ajiya yake yi wa mutum. Ta amsa nan take, tana kuka tana sa mini albarka, wai ta san ba zan manta da ita ba.

Na sake sauraron nawa kafin in ajiye wayar. Ya fi na Malam Bitrus kyau. Ban yi tari ba.