Gammon Inna Saude

Kuala Lumpur, 3 ga Agusta

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Saude,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya damina, ya mutanen Haɗeja? Tunda kin ce saƙon murya ba wasiƙa ba ce, ga shi na rubuta da hannu. Suwaiba maƙwabciyarki za ta nuna miki hoton takardar a wayarta.

Inna, biza ta fito. Maigidana Abdulrahman ya sayi tikiti, za ki tashi daga Kano ranar goma ga Satumba, saura mako biyu ke nan lokacin haihuwar da likita ta ɗiba mini. Yaya Sunusi ne zai kai ki filin jirgi.

Tafiyar doguwa ce, kusan yini da kwana, ga sauyin jirgi a hanya. Akwati ɗaya aka yarda, kilo ashirin da uku, ba sa ƙara ko ƙwayar gero. A jakar hannu ki sa fasfo, tikiti, tabarau, carbi, waya da cajarta, da maganin gwiwarki. Kada maganin ya shiga akwati, don akwati kan makara. Ki riƙe rigar sanyi da safa, cikin jirgi kamar firiji yake. Ki sayi cingam ki riƙa taunawa lokacin tashi saboda toshewar kunne. Yaya zai sayo miki matashin wuya don barci a zaune.

Abu ɗaya nake roƙo, don Allah kada ki zo da kayan jego. Ana samun komai a nan.

Allah ya ƙara girma. 'Yarki,
Zaituna

Haɗeja, 9 ga Agusta

Zuwa ga Zaituna,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ruwa ya yi gyara, kogi har ya fara leƙo gonakin shinkafa. Ki gaishe da maigidan naki.

Na karanta takardarki sau biyu. Cingam? Ni da haƙora goma sha ɗaya? Goro zan tauna, kunnen ya buɗe ko ya bari. Rigar sanyi da safa na ji, ba zan yi musu da firiji ba.

Amma zancen kayan jego, ki ma daina. Haihuwar fari a gida ake yin ta. Tunda ke ba ki zo gida ba, gidan ne zai zo. Kin ce ana samun komai a can. Akwai tarwaɗar Guri wadda na yi bandarta da hannuna? Akwai kanwa ungurnu? Wa ya daka musu yajin jego? Ganyen wanka ma na shanya shi a inuwa, ya bushe sarai.

Shekarar da na haifi yayanki, ruwa ya shanye hanyar Guri, na kasa zuwa gida. Uwata ba ta tsaya jiran ruwa ya janye ba. Ta naɗe baƙin zanen saƙin da ta goye ni da shi, ta yi gammo, ta ɗora tukunya da kanwa da gero a ka, ta shiga kwalekwale, inda ya kafe ta sauka ta ratsa ruwa iya ƙirji. Da wannan zanen na goye ku dukanku. To ni da aka ba kujera da rufi a sama, sai in zo miki da carbi da caja?

Na kai akwatin wurin Umara mai awon shinkafa, sikelinsa ya ce talatin da ɗaya. Na cire atamfofina biyar da takalmi biyu. Zane biyu sun ishe ni, ba bikin kowa za ni ba.

Allah ya raba lafiya.
Innarki

Kuala Lumpur, 14 ga Agusta

Inna,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Na yi kuka da na karanta labarin kakata. Dole in faɗi abin da na ɓoye.

Wata uku ke nan ina fama da hawan jini. Ƙafafuna sun kumbura, takalmin Abdulrahman nake sawa. Likita ta ce tiyata za a yi a ciro abin da ke cikin, ta kuma ja kunnena: ba kunun kanwa, ba wankan tafasasshen ruwa, ba gashin jiki a gadon wuta. Ta ce zuciyata ba za ta ɗauka ba.

Na san ki, Inna. Na san in kin sha wahalar kawo kanwar nan kika dama kika miƙo mini, ba zan iya cewa a'a ba, zan sha ko da zai kashe ni. Shi ya sa na ce ana samun komai. Ƙarya na yi, ba a samun komai. Kifin ma ina jin tsoro su ƙwace a filin jirgi, su tsare ki da tambaya cikin harshen da ba kya ji.

Ki yafe mini. Tsoro nake ji, kuma ke nake so.

'Yarki,
Zaituna

Haɗeja, 21 ga Agusta

Zaituna,

Wa alaikumus salam. Ya jikin? Kwana uku na ƙi ɗaukar biro, don in na rubuta a ranar da ba ki ji daɗi ba.

Wata uku kina ciwo kina ɓoye mini, saboda kanwa! Raina ya ɓaci ƙwarai, ki sani. Kin ɗauka kanwa ce ta haife ki?

Ba zan ɓoye miki ba, na zauna gaban akwatin nan rabinsa wayam, na ce to ni me zan je in yi? Abin da na iya ke nan, shi uwata ta koya mini. Sai na tuna ranar da ta iso, jiƙe sharkaf. Ban tuna ɗanɗanon kunun ba ko kaɗan. Abin da na tuna, na ji muryarta a zaure, sai barci ya ɗauke ni, karo na farko cikin kwana huɗu.

Kanwar na ba Suwaiba, awakinta suna ta lasa. Ganyen na zubar. Amma likitarki ba ta ce komai a kan kifi ba, saboda haka kifi yana nan, da kuka da daddawa da gero. In sun ga dama su tsare ni, na taɓa kwana biyu a kan tudu ruwa ya kewaye ni. Kada ki sake aiko mini da jerin abin da zan bari.

Ki riƙa ɗora ƙafafun a kan matashi. Allah ya sawwaƙe.
Innarki

Kano, 10 ga Satumba

Ƙanwata Zaituna,

Assalamu alaikum, da fatan jiki da sauƙi. Jirgin Inna ya tashi ɗazu da rana, bari in ba ki labari.

Tun daga Haɗeja ta sako rigar sanyi da safa, cikin wannan zufa. Na ce ta cire, ta ce ke kika rubuta. Fasfo kuwa a lalita ta ɗaure shi a ƙugu, sai da muka nemi lungu kafin ya fito.

Da aka ɗora akwati, sikeli ya haura da kilo ɗaya da wani abu. Ta ce sikelin Umara bai taɓa ƙarya ba, nasu ne ke da matsala. Ma'aikaciyar ta yi dariya, ta ce duk da haka sai an rage. Jakar hannu kuma ta cika dam, gero ta ɗura a ciki. Na buɗe akwatin, sai ga tsohon zanen saƙin nan a sama, mai nauyin tsiya. Na ce, "Inna, bar tsumman nan mana, zan ajiye miki."

Kallon da ta yi mini, rabona da shi tun ina firamare. Ta fizge zanen, ta murɗe shi sau uku a hannu ta yi gammo, ta sassauta shi ta zura a wuya. Sannan ta ciro matashin da na sayo ta dangwara mini a ƙirji, ta dubi ma'aikaciyar ta ce, "'Yata ta ce a zo da abin tokare wuya. Ga nawa. Shi ma za ki auna?"

Ba ta auna ba. Haka Inna ta wuce, kai a sama, goro a baki, ko waiwaye babu. Ni ne na tsaya ina share ido da matashi a hammata.

Ku je tarbarta da wuri. Yayanki,
Sunusi

Kuala Lumpur, 20 ga Satumba

Zuwa ga yayan Zaituna,

Assalamu alaikum. Ka gaishe da iyalinka da Suwaiba.

Ma'aikatan filin jirgin nan sun ƙwace kifin. Wani kare ne ya tona mini asiri. Na faɗa musu abin da ke raina da Hausa, suka yi ta gyaɗa kai.

Kwana biyu da isowata jinin ƙanwarka ya hau, aka yi tiyatar ba shiri. Ina riƙe da hannunta har ƙofar ɗakin. Mace aka samu, dukansu lafiya. Kunun gero zalla nake dama mata, ba kanwa, tana shanyewa tana barci kamar ba ta taɓa yi ba. Yau aka raɗa suna, sunan uwata aka sa, muna kiranta Umaima.

Tsumman da ka ce in bari, ga ta nan a cikinsa tana barci. In zan dawo sai Abdulrahman ya saya mini irin matashin naku, don zanen ba zai dawo ba.

Allah ya yi muku albarka.
Innarku