Fuskokin da Julius Bai Zana Ba

Litinin, 8 ga Mayu, 2006
Wata Madam Winifred, malamar zane a jami'a, ta zo shagonmu a Sabon Gari. Ta ga zanen kawunan da ke jikin bangon wani mai aski a Samaru, tana so a sake irinsu a falanki ta rataye a zauren baje koli. Ta tambayi wa ya zana. Julius, abokin aikina, ya dube ni. Na ci gaba da wanke buroshi da kananzir.

Alhamis, 11 ga Mayu
Tun da muka haɗa shago haka muke: ni fuska, shi rubutu, sunansa a ƙasa. A gida kuwa an san ni ne mai rubutu. Baba ya bar ni a sana'ar ne da sharaɗin ba zan zana mai rai ba, a gaban ɗalibansa na zaure na ce na ji. Sunan Julius shi ke rufa min asiri.

Asabar, 20 ga Mayu
Falanki ba bango ba ne. Bango shan fenti yake, ya haɗiye kuskure. Nan fentin mota sai zamewa. Na ɓata biyu.
Julius ya ce, "Abdul, 'yan jarida za su zo fa. In an tambaye ni yadda na yi ido, in ce me?" Na ce ka ce sirrin sana'a ne. Bai yi dariya ba.

Laraba, 24 ga Mayu
Baba ya ce hannuna na warin fetur. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Talata, 30 ga Mayu
Madam na son sunan da za ta liƙa ƙarƙashin kowane zane. Na ce Julius. Ta daɗe tana kallon farcena.

Juma'a, 2 ga Yuni
An buɗe baje kolin. Farin bango, fitilu, mutane sun goya hannu a baya suna ƙare wa kawunan kallo. A titi ba mai dubansu sai wanda zai zaɓi aski. An yi wa Julius zobe, yana ta zufa cikin sabuwar kwat. Wata ɗaliba ta ce, "Malam, ɗan matsa, ka tare hoton."
Na matsa. Haushi ya cika ni. Ni na tura shi, kuma haushinsa nake ji. Allah Ya shirye ni.

Asabar, 3 ga Yuni
Julius bai ko zauna ba. Ya ce, "Jiya na yi ƙarya har ta ishe ni. Daga yau fuskokinka su nemi mai su."
Na ci gaba da aikina har muka kulle.

Talata, 13 ga Yuni
Na yi wa sabon mai aski bango a bakin titin Samaru, ni kaɗai. Da na gama, ƙasan ya zauna wayam, ya yi muni. Saboda haka ne kawai na sa sunana, Abdulrahim, a wurin. Ƙarami ne, ba kowa zai lura ba.
Jibi zan kai Baba asibiti a Shika. A mashin, kuma dole a rage gudu daidai bangon saboda wani rami da ke kan titin.
Akwai ragowar farin fenti a gwangwani, shafa ɗaya ta isa. Ina ganin ya ma bushe. Ban duba ba.