Hannun da Ya Sa Wa Safiya Hannu

Zuwa ga Hajiya Zuwaira, a Cotonou.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da maigida da yara da hidimar jam'iyya. Na rubuto miki a bainar jama'a ne domin tun makon jiya wayarki ta daina gane lambata.

Kin san maganar. Malamin da ya koya mana dokar laifuka a jami'a, an miƙa sunansa ya zama alƙali a babbar kotu. Safiya, wadda muka zauna ɗaki ɗaya da ita ni da ke a Kpébié, ta fito ta ce ya yi mata fyaɗe a ofishinsa muna aji uku. Masu mulki sun ce 'yan adawa ne suka turo ta. 'Yan adawa kuma sun wayi gari da tausayin mata, halin da ba mu san su da shi ba. Har masu zem, 'yan acaɓan nan na bakin kasuwa, sun yanke hukunci. Ban ji wanda ya tambaya ko tana iya cin abinci ba.

Shekaranjiya na ji ki a rediyo. Muryarki ta fita sosai. Kin ce ke mace ce, kin san zafin abin, amma ga takarda. Takardar halartar darasi ce lauyoyinsa suka tono: ga sunan Safiya, ga sa hannunta, kwana shida a jere bayan ranar da ta ambata. Kin ce wadda aka yi wa haka ba za ta kwana ta tashi ta zauna a ajinsa ba.

Kin yi gaskiya. Ba ta zauna ba.

Da azahar ta shigo ɗaki ranar, ta zauna kan tabarma ko jakarta ba ta sauke ba. Ni na ruɗe, ke ba ki ruɗe ba. Ke kika tare mana taksin Djougou, kika roƙi wani dattijo ya bar mata gefen taga saboda amai. Ni na raka ta, ke kika tsaya.

Kwana shida muka yi a gidanku a Djougou. Innarki ba ta yi tambaya ko ɗaya ba. Ta dafa ruwa, ta ba ta zaninta, ta shimfiɗa mata a ɗakin ajiyar goro, don nan ya fi sanyi. Maƙwabta ta ce musu zazzaɓi ne.

Ke kuwa a Parakou, duk lokacin da takarda ta zagayo, sau uku kike sa hannu: naki, nawa, nata. Wanda ya rasa darasi uku ba ya zama jarrabawa. A bayan littafina kika koyi sa hannunta, shafi guda cike da gwajinki. Da muka dawo kika ce, "Ya ci abin da ya ci, ba zai haɗa da shekararta ba." Ban taɓa son mutum kamar yadda na so ki ranar ba.

Alherin nan naki shi ake dukan ta da shi yau, kuma ke kika karanto shi a rediyo.

Ranar Alhamis kwamitin majalisa zai saurare ta. Zan je. Zan faɗa musu ni ma sunana yana kan takardar alhali ina Djougou. Littafin yana jakata. Ba na so in buɗe shi, Zuzu. Na fi so ki faɗa da bakinki, ko da jimla ɗaya ce: hannuna ne. Na san abin da za ki rasa. Safiya ma ta san nata, ta fito.

Abu ɗaya kuma, kada ki ji a bakin wani. Inna ta saurare ki. Ta kira ni jiya, ba ta ambaci sunanki ba, ta ce in jira ta a tasha ranar Laraba mu gangara kudu tare. Na tuna mata ciwon gwiwarta da nisan hanya. Ta ce, "Ni na dafa ruwan."

Allah ya ba Safiya ƙarfin tsayuwa, ya kai Inna lafiya. Ke kuma ya dawo mana da yarinyar da ta tare taksi.

Taki,
Rakiya, wadda kika sa wa hannu kwana shida.
Ganou, Parakou.