Kwandon Tumatirin da Ya Tsayar da Jirgi

Anti mai shawara, don Allah ki taimake ni, murna ta zo mini da ƙaya.

Ni mai sayar da tumatir ce. Jirgin ƙasa ya daɗe yana wucewa ta bayan garinmu, ko kallonmu ba ya yi. Aka ce za a gina mana tasha in jama'a sun yarda, mutanenmu kuwa suka tubure: wai za a ci gonaki, za a take awaki, har da mai cewa kaji za su daina ƙwai. Na bi gida-gida neman sa hannu har takalmina ya tsinke, aka laƙaba mini Uwar Jirgi. Ranar taron ƙarshe a makarantar firamare, da na ga baki ba zai yi ba, na kinkimo kwandon tumatir da ya kwana uku a hanya saboda lalacewar mota, na juye shi a teburin manyan baƙi. Wari ya gama mini jawabi. Manoman da ke zagina suka yi layi suna dangwala yatsa. Anti, mun yi nasara! Ranar Asabar jirgi zai fara tsayawa, an ba ni tikiti biyu.

Ga ƙayar. Motar da ta lalace da tumatirin nan ta yayana ce, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu. Ban kama sunansa ba, amma kowa ya waiwaya ya dube shi. Wata goma ke nan ba ya amsa gaisuwata. Jiya aka dawo mini da kwafin takardun da jama'a suka sa wa hannu, sai ga sa hannunsa a layin ƙarshe. Na sha kuka. Ta ina zan fara?

Uwar Jirgi

Barka da nasara, Uwar Jirgi. Kin yi abin da masu manyan riguna suka kasa, kada ki bari kowa ya rage miki daɗinsa.

Amma yayanki na da gaskiyarsa. Kin kunyata shi a bainar jama'a, ga fargabar jirgi zai raba shi da sana'a. Duk da haka ya sa hannu. Mai fushin gaske ba ya bin layi.

Zumunci a ƙafa yake, saboda haka kada ki aika kowa. Ki je da kanki, ki durƙusa ki nemi gafarar kunyar da kika ba shi, ban da jirgin, wannan ba laifi ba ne. Ki tuna masa jirgi ba ya shiga gona, dole a sami motar da za ta kai kaya tasha, kuma tafiyar ba ta kwana uku ba ce. Sannan ki ajiye masa tikiti ɗaya. Ko bai ce komai ba, kada ki ba kowa kujerar nan. Wanda ya zo ƙarshe a takarda yana iya zuwa ƙarshe a tasha.

Allah ya kai ku lafiya, ku biyun.