Makin Dibora

Litinin, 4 ga Maris, 2024

An ce daga bana kowane malami ya shigar da makin ɗalibai a kwamfuta da hannunsa. Ɗalibaina ɗari da tamanin. Likita ya ce hawan jinin ido ne, na hagu ya tafi, na dama yana bin sa. Ban gaya wa kowa ba, har matata Susanna. Na ci tuwo.

Laraba, 6 ga Maris

Na je ofishin masu kula da kwamfuta. Wata Juwairiya ta buɗe mini shafin, ta nuna mini gurbin maki. Na kasa gani, na ce gilashina ne ya tsufa. Ta ƙara girman rubutun. Layukan suna hawa kan juna, na dai cika su.

Juma'a, 8 ga Maris

Na tura makin. Ana zafi.

Talata, 12 ga Maris

Dibora, 'yar ajin ƙarshe, ta tsaya a ƙofata tana kuka. Ashirin da uku ta gani, alhali a takardata saba'in da ɗaya ne. "Sa, Baba na ya sayar da akuya don shekara ɗin nan." Layi ɗaya na tsallake, kowa daga nan ƙasa ya ɗauki makin wani. Na ce mata laifin kwamfuta ne. Ban ji komai ba, ko kunya.

Alhamis, 14 ga Maris

Juwairiya ta ce za a iya buɗe shafin, amma sai na rubuta dalili, shugaban sashe ya sa hannu zuwa Litinin. In ba haka ba sai Dibora ta maimaita shekara. In na rubuta matsalar na'ura ce, Juwairiya za a tuhuma. In na rubuta gaskiya, wa zai bar makaho da aji?

Da zan fita ta ce, "Dokta, akwai manhaja da ke karanta wa mutum allo da murya. Ko in sa maka?" Ashe tun ranar farko ta gane.

Litinin, 18 ga Maris

An gyara makin. A gurbin dalili kalma uku na rubuta: ba na gani. Shugaban sashe ya daɗe yana kallon takardar, ya sa hannu, bai ce komai game da ajin ba tukuna.

Manhajar tana da surutu, na bar ta dai.

Na dawo gida da wuri. Susanna tana tsince shinkafa, na ce ta ajiye tiren tukuna, akwai magana.