Maganin Sani da Ragon Baffa

Daren Laraba, damina, 2004

Har yanzu haushi bai sake ni ba. Yau muka kai ƙanena Sani asibiti a Gummi, gyambon ƙafarsa sai ruwa yake. Malamar asibiti ta ce kafson wancan watan ba zai ƙara yi masa aiki ba, ta ba mu wani. Wai in ba a shanye magani ba, ƙwayoyin cutar da suka tsira su ne masu fitar da sinadarin da ke lalata shi. Sai su hayayyafa, su gadar wa 'ya'yansu dabarar, har maƙwabtansu su ara. Ta yi wa Inna faɗa gaban mutane, Inna ta sunkuyar da kai.

Alhali ba Inna ba ce! Baffa ne ya kwashe rabin kafson ya ɗura wa ragonsa mai tari, wai ai yaro ya tashi yana wasa.

Ɗazu bayan isha'i sai ga shi a bakin ɗaki. "Hajo, ɗebo min biyu cikin sabon ga, ragon bai warke ba."

Ni da ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba, sai na ji bakina ya ce, "Baffa, na Sani ne."

"Ke ɗiyag ga, mi kinka ce?"

Na maimaita. Ya yi tsaki ya tafi.

Gobe duk gida za a ce ba ni da kunya. Su ce! Maganin yana ƙulle a bakin zanena, ba mai taɓa shi har Sani ya haɗiye na ƙarshe.